Tsarin da Aka Rubuta da Biro

Sakataren ilimi ya doka tarin takardu a kan tebur, har kofin ruwansa ya yi tsalle.

"Cewa na yi kowace makaranta ta kawo tsarinta na hana yara satar amsa da ƙirƙirarriyar basira. Ku shugabannin makaranta arba'in, talatin da tara kun kawo mini magana ɗaya, har waƙafi! Ita kuka sa ta rubuta muku. Ko kunya babu?"

Ya bi zauren taron da kallo. Sakatare ya ji kansa na kumbura, don rabonsa da faɗa mai tsari haka har ya manta.

Sai ya ɗaga wata takarda, rubutun biro shafi huɗu, har da inda aka soke aka gyara.

"Ku dubi ta Baba Hedimasta. Wannan shi ne gumin ɗan Adam! Kwamfutoci ashirin ɗin da aka ware wa tsarin da ya fi kyau, makarantarsa na ba."

Aka ɗauki tafi. Dattijon ya miƙe a hankali yana gyara hula.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Firintarmu ce ta lalace, shi ne na kwafo da hannu abin da manhajar basirar ta rubuta mini a waya."

Sakatare ya yi gyaran murya, ya leƙa takardar jawabinsa yana neman mafita. Babu. Jiya da ya sa manhajar ta rubuta masa faɗan nan, bai gaya mata Baba zai yi magana ba.