Tela da Rumbun Kwamfuta

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, Nafi'u, Bara'atu, har kai Mudassir da kake raɓe a bakin ƙofa. Misali zan ba ku, kuma sau ɗaya zan faɗa.

Akwai wani tela mai aikin wuyan riga. Shekara ashirin yana surfani da hannu kafin ya sayi injin nan da kwamfuta ke juyawa, ita ta nuna zane, shi injin ya zuba zare. Duk zanen da ya mallaka, aska biyu, aska takwas, tambari, suna cikin rumbun kwamfutar, wato ɗan ƙarfen nan da bai fi tafin hannu ba, inda take ajiye komai. A ciki har da zanen rigar marigayi mahaifin Sarkin Fawa, wanda ya yi wata uku yana kwafa kafin gara ta ƙarasa cinye rigar. Wannan zanen Sarkin Fawa ya ce a zuba masa a sabuwar shadda, da ita zai hau Idi, saura kwana goma. Sai dai kwamfutar ta tsufa. In tela ya kunna ta, sai ya je ya sha koko ya dawo ya tarar ba ta gama miƙa ba.

Ana haka surukinsa ya dawo daga tafiya, ya kawo masa tsarabar wata kwamfuta fara fes. Amma jinsinsu ba ɗaya ba ne. Tsarin da ke tafiyar da wannan daban, na waccan daban, kowacce da yarenta da yadda take jera kayanta. Tela bai ga abin damuwa ba. Sau nawa ya ciro kan keke daga wannan teburi ya ɗora a wancan, ya sa bel, ya taka, ɗinki ya tafi? Ya ɗauko sukundireban keke, ya kwance su duka biyun, ya musanya musu rumbu. Tsohuwar kuwa ko gwada ta bai yi ba, ya miƙa wa ɗan gwangwan da ke wucewa, ya karɓi robar wanka. Ya kunna sabuwar. Ba abin da ya fito sai alamar tambaya tana ƙifta masa ido. Ya hura mata iska, ya bubbuga ta a gefe, ya ɗiga mata man keke. Alamar tambaya na nan daram.

Dole ya aika a kira mai gyara, maƙwabcinsa ne ma, katanga ɗaya ta raba su. Mai gyara ya duba ya ce, "Baba, wannan rumbun ba ɗan gidan nan ba ne, ba sa jin yaren juna. Bari in je da shi shago in kwashe maka zanen, gobe in dawo da shi." Tela ya dafe rumbu kamar an ce za a tafi da 'yarsa. Ya ce, "Zanena ba ya kwana a waje. In wayi gari in ga aska takwas ɗina a wuyan kowane ɗan acaɓa? A nan za ka tashe ta, ina kallo." Mai gyara ya ce, "In na zuba masa tsarin wannan, duk abin da ke ciki zai tafi fa." Tela ya yi dariya. Ya san halin masu gyara, sai sun tsorata mutum kafin su taɓa abu. Ya ce, "Ya tafi ina? Ƙafa gare shi? Yi aikinka, malam."

Mai gyara ya yi aikinsa. Kwamfuta ta tashi kafin a ce kwabo, har da ɗan kiɗa. Tela ya yi hamdala, ya leƙa rumbu, ya tarar da shi wayam kamar masussuka bayan an kwashe hatsi. Ba aska biyu, ba takwas, ko tsinke. Ya haɗa ta da injin, injin ma ya ce bai san ta ba. Ya bazama neman ɗan gwangwan, aka ce tuni an auna kayan an loda a mota.

Yau kwana shida ke nan tela yana zaune da tabarau da allura, yana lalubo zanen daga ka. Sarkin Fawa kuwa kullum da hantsi sai ya zo ya zauna a benci. Bai zagi kowa ba, bai ɗaga murya ba. Wuƙarsa kawai yake wasawa, wai kada hannu ya yi sanyi kafin layya, can ya leƙo ya ce, "Na Baba ba haka ya lanƙwasa ba." Sai tela ya farke ya sake.

To ga inda gardamar take. Tela ya daina gaisawa da mai gyara, ya ce wanda ya san rami ba ya barin makaho ya faɗa, ko da makahon na zaginsa. Mai gyara ya ce shi ya gargaɗe shi, da babbar murya, kuma bai isa ya ƙwace kayan mutum daga hannunsa ba. Har matansu sun daina miƙa wa juna garwashi ta katanga. Ban kama suna ba, amma kun san gidan, kun kuma san telan, shi ne wanda kuke kira Kawu. Ku da kuka yi boko ku tashi ku je ku raba su kafin Sallah, in kuma Kawun ya fara muku dogon bayani, ku ce in ji ni: garin neman gira aka rasa ido.