Kunnen Bature a Majalisar Shehu

Akori-kurar ta tsaya a ƙofar gidan Alhaji Mamman da ke Runka tun da hantsi, ana ta loda mata buhunan gero da katifu. 'Yan bindiga sun aiko wa unguwar da saƙo, kuma babu mai niyyar jiran cikarsa. Usaini, babban ɗan Alhaji, ya riga ya yanke magana: iyali za su koma Safana, Malam Tayyib kuwa zai zauna, tunda shi ne mai gadi.

Malam Tayyib bai yi musu ba. Hasali ma shi ya fara kawo shawarar. Ya san abin da ke samun wanda aka tarar shi kaɗai a gida, kuma a ransa yana ganin ya cancanci haka.

Mutanen Runka Buzu suke ce masa, saboda hasken fatarsa da karkatacciyar Hausarsa. Tare da Alhaji ya zo daga ƙasar Larabawa tun suna da ƙarfinsu. Bai iya ɗaure jaki ba, bai iya riƙon sanda ba, kuma har ya tsufa bai koyi durƙusa wa dagaci ba. Aiki ɗaya ya riƙe: kowace safiya yakan dafa gahawa, ya tsaya a kan ƙafafunsa ya zuba wa Alhaji. Shi ma wannan sai da Alhaji ya sha gyara masa riƙon buta.

Yau ma ya ɗora butar a zaure, yana kallon yadda Alhaji ke gyara zama da hannun hagu. Na daman ya shanye tun yana saurayi, kuma Tayyib yana wurin ranar da abin ya faru.

A wata ƙaramar masarauta ce ta bakin teku. Iyayen Mamman sun rasu a hanyar aikin hajji, shi kuma ya gangara can, ya zama mai zuba gahawa a majalisar Shehun garin. A wancan zamanin, Turawan Ingila sun ajiye wa Shehun wani jami'insu da sunan mai ba da shawara. Yarjejeniyarsu ita ce kada ya yi hulɗa da kowace ƙasa sai ta hannunsu. Baturen mutum ne mai fara'a, yakan zo gaisuwa da kyautar agogo da magani, ya sha gahawa ya tafi. Amma duk abin da aka faɗa bayan fitarsa, kafin gari ya waye yana kunnensa.

Da Shehun ya karɓi wasu baƙi a ɓoye don cinikin bindigogi, Baturen ya zo ya lissafa masa sunayensu cikin murmushi. Fadawa suka shiga neman kunnen Bature. Wa ke tsaye a majalisa kullum, ba ya magana, ba shi da dangi? Aka shimfiɗa hannun Mamman a kan dutse, aka daka shi da taɓaryar tagulla ta dakan gahawa. Tayyib ya san ba shi ba ne. Ya tsaya yana kallo, bai ce uffan ba.

Ba a jima ba jirgin yaƙi ya tsaya a gaɓa. Aka ɗauke Shehun zuwa wani tsibiri, can ya rasu. Turawa suka ɗora wanda suke so a kan karagar, shi ma da suka tattara nasu ya nasu, 'yan tawaye suka fatattake shi. Garin ya watse. Bayan shekaru Tayyib ya ci karo da Mamman a Jidda yana tallar turare da hannu ɗaya. Ya karɓi kayan ya ɗora a kansa. Daga ranar bai sake barinsa ba, Mamman kuma bai taɓa tambayarsa dalili ba.

Direba ya danna oda. Usaini ya leƙo zaure ya ce, "Baba, rana tana yi. A bar Buzu da gahawarsa, in hanya ta yi kyau ma aiko a ɗauke shi."

Alhaji bai ko dube shi ba. Tayyib ya zuba gahawa a finjali ya miƙa. Yana so ya nemi gafara kamar yadda ake yi in za a rabu, amma in ya ce a yafe masa, dole ya faɗi abin da za a yafe.

Alhaji ya karɓi finjalin, sai ya ajiye shi a ƙasa bai kurɓa ba.

Tayyib ya gane nufinsa. A al'adar waccan ƙasa, baƙon da ya ajiye gahawa bai sha ba yana da buƙata, kuma ba zai sha ba sai an biya masa ita. Ƙin biya abin kunya ne da ke bin zuri'a. Sai dai ba a yi wa bara haka. Shugaban majalisa kaɗai ake yi wa.

"Usaini, sauke buhu biyu, ka gyara masa wuri a gaba," in ji Alhaji.

"Baba, gaba fa? Mai gadi?"

"Na ce a gaba."

Tayyib ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, ka bar ni nan. Akwai abin da ba ka sani ba game da hannun nan naka."

Tsohon ya yi ɗan murmushi, ya juya harshe zuwa Larabcin da ya daɗe bai yi ba.

"Mai zuba gahawa ba ya magana, amma yana gani. Na san kai ke kai wa Bature labarin mahaifinka Shehu tun kafin Turawa su ɗora ka a kan karagarsa. Gahawata tana hucewa, ranka ya daɗe. Hau mota, ya Shehu."