Waƙar da Aka Yi wa Ladi

Na sami Habsatu da safe a bakin rijiya, gugarta na fitowa da laka. Jiya motar silima ta zo Filinge, ta nuna rayuwar Taurarin Dallol, makaɗan da nake rera mata waƙarsu kullum da muryata ta jaki.

Na ce, "Gobe zan tahi Abijan cin rani. Jira ni damina guda, in dawo da tumbi kamar kumandan mai mulkin gari."

Ba ta yi dariya ba. Igiya take kallo.

"Kailu, ka ga Ladi a silimar, matar mai gogensu? Damina guda shi ma ya ce da zai tafi. Sai da yunwa ta kashe ta ya yi mata waƙar nan da kake rera mini."

"Ai wasan silima ne, Habsi."

"Kabarin na gaske suka nuna. A da rawa nake da waƙar, jiya kuwa na yi musu kuka kamar ƴan gidanmu." Ta ɗora tulu a ka. "Baba zai kai mu kudu, inda hatsi yake. Ba ni jira."

Na gyara murya zan rera mata.

Ta ce, "Bari. Ban mutu ba tukuna."