Audugar Kaka

Wata la'asar a gidanmu na Gozaki, na tarar da Kaka ita kaɗai tana cire angurya daga audugar gonarta. Ta ce ta tsohon Fadanmu ce, limamin cocinmu, da ita yake share man baftisma a goshin jarirai. Sai ta ware 'yar kaɗan ta ƙulle a tsumma.

"Wannan fa, Kaka?"

"Tawa ce. In ka zama Fada, ranar da ka shafa mini mai na ƙarshe kafin in cika, da ita za ka goge yatsanka."

Na kuwa zama Fada. Ranar da ta cika, ina can wani ƙauye ina shafa wa kakar wasu mai. Ƙullin na nan a aljihun rigata, har yau ban kwance ba.