Takardu Uku da Haƙori Ɗaya

Ya shimfiɗa takardun neman shiga makarantar likitan haƙori a kan tabarma: ɗaya ta Ikko, biyu na Ingila. Jirgin ƙasan da ke ɗaukar wasiƙu zai bar Funtuwa da la'asar, shi kuwa bai yanke wacce zai aika ba.

"Baba, ina ga ta Ikko kaɗai ta isa. Ta fi kusa da gida."

Uban, wanzamin da ya shekara talatin yana cire haƙora a kasuwar Maska, ko kallon takardun bai yi ba. Ya zaro awartaki daga zabira ya miƙa masa.

"A gidanmu ba a sallamar ɗa sai an ga hannunsa. Wannan haƙorin nawa na ƙasa ya hana ni cin goro. Cire shi. In hannunka ya yi rawa, ko ɗaya ba za ka aika ba."

Ɗan ya durƙusa, ya kama haƙorin, ya murɗa, kamar yadda ya sha gani tun yana ƙarami. Hannun bai yi rawa ba. Tsohon ya kurkure baki da ruwan gishiri, ya tofar.

"Aika duka ukun. Mai irin wannan hannun ba ya zaɓen makaranta don kusa."

Sai a gidan waya, bayan ya liƙa kan sarki na uku, ya kwance ƙyallen da aka ƙunsa masa haƙorin a ciki. Ya jujjuya shi a haske. Goro ya rina shi, amma lafiyarsa lau, ko ɗigon kogo babu.