Mai Kuka a Jikin Tulu

Jabez Worrall ya ɗago takardar daga kan farantin tagullar da ya sassaƙa hoton a jikinsa, ya duba ko tawada ta kama ko'ina, sannan ya miƙa wa Uwargida Ashmead da hannu biyu.

A shekarar nan babu falon mai hali a Philadelphia da ba a rataya hoto irin na Girkawan dā ba: ginshiƙai, tuluna, mata cikin farin mayafi. Kuma wanda ya ga Turai da idonsa ake ba aikin. Shi ya sa Jabez ya bari ana cewa ya zauna a Roma, alhali ko jirgin ruwa bai taɓa hawa ba. In matar nan ta karɓi hotonsa, ƙawayenta za su biyo layi. In ta gano shi, ya koma buga takardun kwalaben magani.

Hoton na wata mace ce da ta rufe fuska, ta jingina da dogon tulu tana kuka. Mayafinta ya manne da kafaɗa da gwiwa, kowane ninki ya fito.

"Ikon Allah," in ji Uwargida Ashmead. "Kamar yanzu ta fito daga kogi! Maƙwabcinka Pratt ya yi mini irinta, sai ka ce buhun gari aka ɗora a kan dutse. A ina ka samo ta?"

"Gunkin marmara ne, ranki ya daɗe. Na zano shi a Roma."

"Ai na sani. Matanmu na nan ba su da wannan tsayuwar."

Ƙofar baya ta buɗe. Wata doguwar tsohuwa ta shigo da daron jiƙa takardu, domin busasshiyar takarda ba ta shan tawada. Tari ya sarƙe ta a tsakiyar shago, ruwan ya fantsamu a takalmin baƙuwar.

Uwargida Ashmead ta tattare siket ɗinta. "Wannan fa? Mista Worrall, a Roma aka koya maka ajiye masu tari a gaban baƙi?"

"'Yar aiki ce, ranki ya daɗe." Ya juya, amma bai kalli tsohuwar ba. "Ke Dorcas, koma ciki."

Sunan ya yi masa nauyi a baki. Tsohuwar ta ajiye daron a hankali, ta rusuna wa baƙuwar, ta fita.

Uwargida Ashmead ta karɓi hoton. Ta ce tana son wasu uku kafin sanyi ya wuce, duk daga gumakan da ya zano.

Bayan karusarta ta tafi, Jabez ya daɗe yana goge farantin da ya riga ya goge. Da ya rasa abin yi, ya shiga kicin ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa a ƙasa. Tsohuwar na zaune kusa da murhu, ta lulluɓe ƙirjinta da bargo.

"Ta karɓa?" ta tambaya.

"Ta karɓa. Har uku take so."

"To madalla." Ta jira tarin ya lafa. "Sai dai wannan karon ka ɗumama ruwan kafin ka jiƙa mini mayafin, ɗana. Ba zan iya ƙara sati uku a tsaye cikin sanyin nan ba."