Makullin Sabuwar Ƙofa

Shugabar makaranta ta cusa yara ƙarƙashin teburin ofishinta, ta toshe bakin ƙaramar cikinsu da tafin hannu. Aka sake harbi ta wajen azuzuwa.

"Yallaɓai, don Allah kuna ina?" ta raɗa wa ɗan sanda a waya.

"Muna bakin makaranta, Malama. Ƙofar ƙarfen nan da gwamnati ta sa muku ta ƙi ɓalluwa, katangar kuma ba ta hawuwa. Wa ke da makulli?"

"Sabon maigadinmu."

"To kira shi mana!"

Ta katse, ta danna lambar maigadi. Takun mai bindigar ya tsaya daidai ƙofar ofis.

Sai ta ji waya ta fara ruri a aljihunsa.